Cibiyar amsa kiran kamfanonin ƙasar waje: arhar albashi ta isa?

Auwalu: Assalamu alaikum. A 2023 Filifin ta samu kusan dala biliyan 35 daga ayyukan da kamfanonin waje ke miƙa mata, kamar amsa kiran kwastomomi da lissafin kuɗi, ma'aikata kusan miliyan 1.7. Albashinmu bai kai nasu ba. Me zai hana a buɗe irin wannan a Kano?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Arha takan sa mai ba da aikin ya leƙo, amma ba ita ke sa shi sa hannu ba. Kira ɗaya bai cika cin fiye da kilobit 100 a daƙiƙa ba, don haka yawan data ba damuwa ba ne. Jinkiri ne ke ɓata aiki: muryar da ta haura milisakan 150 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya) kafin ta isa, sai ka ji ana katse wa juna magana. Ka ja layin faiba, wato wayar intanet, guda biyu daga kamfanoni daban, kuma kada su bi titi ɗaya, don in masu gyaran hanya suka haƙa, tare za su yanke su. Inbata da batir su riƙe wuta kafin janareta ya tashi. Yarjejeniya da kamfanin waje takan ce a ɗaga kashi 80 na kira cikin daƙiƙa 20. Ka gaza, a zaftare maka kuɗi.

Hajiya Rabi: Injiniya ya faɗi na inji, saura na aljihu. Sabon ma'aikaci zai ci mako huɗu zuwa shida yana koyo kana biyansa, kamfanin da ya ba ka aikin kuma sai bayan kwana 30 zuwa 60 zai biya takardar kuɗinka. Wanda bai tanadi albashin wata uku ba, kada ya fara. Ka kuma sa ran waɗanda ka horar za su riƙa tafiya. Filifin ma ba haka kawai ta tashi ba, tun 1995 ta kafa hukumar PEZA mai rangwamen haraji. Inda muka fi su shi ne agogo: su kwana suke a zaune don Amurka, mu da Ingila bambancin bai wuce awa ɗaya ba. Sai dai Bature ba zai ba ka bayanan kwastomominsa ba sai ya gamsu kana bin dokar GDPR, wato dokar Turai ta kare bayanan mutane.

Malam Sadisu: Ni dai ba zan fara da amsa kira ba. Tambayoyi masu sauƙi manhajojin AI sun fara cinye su. Ma'aikata 15 masu daidaita asusu ko shigar da takardun inshora sun fi sauƙi, don in intanet ta ɗauke minti biyar babu wanda ke jira a waya.