MGB ta karkace bayan canjin sifirin: shawarwarin masu gyara

Tambayar da aka tattauna ita ce: an sa wa MGB, wata ƙaramar motar Ingila ta da, sababbin sifirin, sai ta kwanta gefe guda, me ya jawo?

Yawancin masu gyara sun fara zargin ɗaurin noti. In aka ƙulle notocin bushin (robar da ke mahaɗin sifirin da jikin mota) alhali motar tana kan jek, robar takan murɗe ta riƙe tsayin da ba nata ba. A sassauta su, a sauke motar kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ɗaure. Ni ma da wannan zan fara, don ba ya cin kuɗi.

Awo kuwa a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar tayoyi daidai, daga tsakiyar taya zuwa jikin mota. Bayan hagu in ya zauna, gaban dama ne ke ɗagawa, saboda haka laifin na iya kasancewa a ɗaya kusurwar.

Wasu sun tuna cewa daga ƙarshen 1974 an ƙara wa MGB masu bambar roba tsayi, sifirinsu daban ne, don haka a tabbatar wanda aka sa ya dace da motar.

In shakka ta rage, a musanya sifirin hagu da dama. In karkatar ta bi sifirin zuwa ɗaya gefen, shi ne mai laifi. In ta tsaya inda take, a duba tsatsa a maratayinsa.