Wace tafiyar babur ce ta zauna muku a rai?

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne muke shirin ɗaukar hayar babura a Italiya a watan Yuli, mu hau tsaunukan Alps mu tsallaka Ostiriya. Ban taɓa hawa a ƙasar waje ba, kuma gaskiya gabana yana faɗuwa idan na tuna hanyar Stelvio, wadda ta ratsa kan tsauni a arewacin Italiya: kwanoni masu tsananin lanƙwasa 48 a gefe guda kawai, ƙololuwarta kuma mita 2,757. Waɗanda suka taɓa irin wannan tafiya a ayari, me ya fi zama muku a rai, me kuma za mu kiyaye?

Dattijon Hanya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na hau ta daga ɓangaren Prato, garin da ke gindin tsaunin, inda kowace kwana take da lambarta, ana ƙirgawa daga 48 a ƙasa har 1 a sama. Kwanonin dama su ne masu wuya, domin a nan hanya ta fi matsewa, tudun kuma ya fi miƙewa. A ɗaya daga cikinsu na shiga da giya ta biyu, inji ya mutu, na miƙa ƙafa ban taɓa ƙasa ba, babur ya kwanta da ni. Kafin in miƙe, abokina da ke bayana ya riga ya kafe nasa, ya tsayar da motar da ke gangarowa, muka ɗaga tare. Hannuna rawa yake yi. Bai ce mini komai ba, sai ya zauna kusa da ni kan katangar dutse har numfashina ya daidaita. Zaman nan na 'yan mintoci shi nake tunawa har yau, fiye da duk abin da na gani a sama.

Ka shiga kwana da giya ta ɗaya, kana ɗan sakin kulos, ƙafarka a kan birkin baya, idonka a inda za ka fita, ba a katanga ba. Ku yi sammako kafin bas-bas da masu keke su cika hanya.

Mai Farin Kwano:
Ni tawa a Romaniya ce, hanyar Transfagarasan da aka gina a shekarun 1970. Hazo ya rufe mu kusa da tafkin Balea, ba na hango komai sai jar fitilar na gabana. Dokarmu ɗaya ce ta fisshe mu: kowa na bayansa ne amanarsa. Idan ka daina ganinsa a madubi, ka tsaya, na gabanka ma zai tsaya. Kuma kada Yuli ya ruɗe ku, sanyin sama yana daskarar da yatsu, ku tafi da safar hannu mai kauri.

Baban Ayari:
Kada ku manta takardu. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da rubutaccen izinin kamfanin haya na tsallaka iyaka. A Ostiriya babur ma sai da shaidar biyan kuɗin babbar hanya, hanyar tsaunin Grossglockner kuma nata kuɗin daban ne, ana rufe ta da dare.

Sabon Mahayi:
Allah Ya saka da alheri. Yaya Dattijo, a cikinmu wa ya kamata ya tsaya a baya, wanda ya fi ƙwarewa?

Dattijon Hanya:
Shi fa. Kai kuma ka bi bayan jagora kai tsaye, don ya riƙa auna gudu da kai.