Ina iya wuni ba taba a azumi, me ya sa nake kasa barinta gaba ɗaya?

Direba a Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni direba ne, kuma tun ina saurayi nake shan taba sigari, har ta kai yanzu kwali guda ba ya kai ni dare. Abin da yake ɗaure mini kai shi ne, a watan Ramadan ina wuni tun daga ketowar alfijir har faɗuwar rana ban sa kara a baki ba, amma da zarar na ci dabino na kurɓi ruwa sai hannuna ya nufi aljihu tun kafin in tashi sallar magariba. Tun da aka ɗora wa taba harajin kashi 100 cikin 100 a shekarar 2017 kuɗin da take ci mini ya ninka, ga tari kowace safiya, ga maiɗakina tana janye yara daga falo idan na shigo. Ina neman shawarar waɗanda suka bari: in yanke ta lokaci ɗaya ne a azumin da ke tafe, ko in riƙa ragewa, ko kuwa in nemi magani?

Dattijo a Misfala, Makka:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ka iko. Na sha taba shekaru masu yawa kafin in rabu da ita, kuma a ganina ragewa yaudarar kai ce, domin wanda ya sauko zuwa kara uku a rana zai wuni yana lissafin lokacin na gaba, kuma ranar da rai ya ɓaci zai koma inda ya fito. Abin da yake hana ka sha da rana a azumi shi ne ka riga ka rufe ƙofar shawara, zuciyarka ta san babu ciniki, saboda haka ba ta tsaya yi maka gardama. Da magariba kuma kai da kanka kake buɗe ƙofar. Ka sa rana, ka sanar da iyalinka da abokan aikinka, ka fitar da laita da kwali daga mota, sannan ka wanke kujerun don warin ya fita. Bayan buɗa-baki kada ka zauna inda ka saba zama, ka tashi zuwa masallaci da asuwaki a hannunka, ka tsaya har a idar da asham.

Ma'aikaciyar jinya, Makka:
Baba, shawararka ta sa rana da sauya wurin zama daidai ce, sai dai ina roƙon afuwa in ƙara da cewa mai shan kwali guda ko fiye a rana bai kamata ya ɗauki neman magani a matsayin gazawa ba. Malam direba, nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba mai sa a kasa barinta, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan bayan an zuƙi hayaki, kuma cikin kimanin awa 2 rabinsa ya bar jini, shi ya sa kake isa magariba jikinka a ƙagauce. Idan ka daina, saurin fushi da rashin barci da kasa tattara hankali sukan yi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, sannan su riƙa sauka cikin mako 2 zuwa 4. Ita kuwa sha'awar da take taso maka farat ɗaya, mintoci kaɗan take yi ta wuce, ko ka sha ko ba ka sha ba.

Filastar nikotin da ake mannawa a fata tana rage wannan wahala. Mai shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da ta miligiram 21, ya sauko zuwa 14, sannan 7, cikin wata 2 zuwa 3, kuma haɗa ta da cingam na nikotin ya fi amfani da ɗaya kaɗai. Shi cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara. Ana ɗan taunawa har a ji yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi. Akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion, amma waɗannan sai likita ya duba ka, musamman da yake kana tuƙi. Ka kira lambar Ma'aikatar Lafiya, 937, ka tambayi asibitin daina shan taba mafi kusa da kai, ko ka tuntuɓi ƙungiyar Kafa da ke wannan aiki a yankin Makka da Jidda.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin sarrafa sinadarin da ke cikin gahawa da shayi. Idan ka daina taba amma ka ci gaba da shan gahawa yadda ka saba, sai ta fi yi maka ƙarfi, ka ji bugun zuciya da rashin barci, ka ɗora laifin a kan barin taba. Ka rage ta zuwa rabi a makonnin farko.

Ɗan Mayurno mazaunin Madina:
Yayana, gargaɗina ɗaya ne, kada ka musanya ta da 'yar'uwarta. A gida Sudan na ga mutane da yawa sun ajiye sigari sun koma tumbak, wanda ake cusawa a ƙarƙashin leɓe, alhali nikotin ɗinsa yana da yawa ƙwarai kuma an danganta shi da ciwon dajin baki. A nan kuma tarkon shi ne shisha a majalisar abokai bayan isha'i, inda ake cewa ai ruwa yana tace hayaƙin, maganar da ba ta da tushe, ga gawayin yana ƙara iskar guba. Mafi yawan waɗanda na sani da suka koma, ba a makon farko suka koma ba. A wajen biki ne ko ranar salla, bayan watanni, wani ya miƙo kara ɗaya suka ce ɗaya ba ta komai.

Direba a Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, filastar nan ba ta karya azumi idan na wuni da ita a jikina?

Ma'aikaciyar jinya, Makka:
Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a shekarar 1997, ta sanya abin da fata take tsotsa, kamar man shafawa da filastar magani, cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Cingam kuwa sai bayan buɗa-baki. Ka manna sabuwar filasta lokacin sahur a damtse ko a kafaɗa, inda babu gashi, kana sauya wuri kowace rana don kada fatar ta yi ƙaiƙayi, kuma idan ta hana ka barci ka cire ta kafin ka kwanta.