Musayar Waƙa a Kan Amosanin Jini

Mai amosani:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Hunturu ya kama, kuma duk wanda aka haifa da amosanin jini, wato sikila, ya san abin da wannan iska ke yi wa ƙashinsa. Ga baitocina, ina roƙon wanda zai amsa ya riƙe mini ƙafiyarsu.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ya raba wa bayinsa baiwa,
Ya ba wani ƙarfi na zagayawa,
Ni ya ba ni jini mai tanƙwarewa,
Na karɓa, ina roƙonsa juriya.

Ina da wata shida abin ya fara,
Yatsu da ƙafafuna suka kumbura,
Aka ce iska ce, aka yi ta turara,
Aka jiƙa saiwa, aka sake ƙara,
Kafin gwajin jini ya faɗi gaskiya.

In iskar hunturu ta busa da dare,
Sai ciwo ya shiga ɓargo ya tare,
Gwiwa da ƙugu su sandare,
Ƙirji ya yi nauyi, ya ɗaure,
Ba barci, ba juyi, har safiya.

Amma abin da ya fi ci mini rai,
In je asibiti ina dafe da kai,
A dube ni a ce lafiyata sarai,
Allura nake so, na saba da ita wai,
Sai in koma gida da ciwo da kunya.

Ɗinki nake yi, da shi nake ci,
In jiki ya ƙi, sai in saɓa lokaci,
Mai kaya ta zo da magana mai ɗaci,
Ta ce ragwanci ne da son barci,
Ba ta san inda na kwana ba jiya.

Uwar marigayi:

'Yata, na karanta baitocinki da hawaye, domin ɗana na fari da wannan ciwo ya rayu, da shi kuma ya koma ga Ubangijinsa yana saurayi. Ba zan iya barin ki ba amsa ba.

'Yata, Allah ya kawo miki sauƙi,
Na san wannan dare, na san wannan ɗaki,
Na ɗora ruwan zafi na gasa jiki,
Ina yi masa tofi, zuciyata na yaƙi,
Ina kallon idanunsa sun koma rawaya.

A zamanin aurenmu ba a yin gwaji,
Iyaye suka zaɓa, na bi miji,
Kalmar AS, wa ya taɓa ji?
Murna muke ta yi mun sami magaji,
Ashe mu biyu muka ba shi gadon wuya.

Da ƙanwarsa ta tafi nan take,
Dangin miji suka ce wabi nake,
Wai ciwon daga tsatsona yake,
Aka so igiyar aurenmu a yanke,
Alhali gadon na uwa da uba ne gaba ɗaya.

Zazzabin sauro ya kama shi da damina,
Jininsa ya ƙone cikin 'yan kwana,
Muka bi dangi neman ledar jini da rana,
Kafin a samu, Allah ya karɓi ɗana,
Har yau takalmansa suna nan a ajiya.

Malamin jinya:

Hajiya, Allah ya jiƙansu da rahama, ya sa wahalar da suka sha ta zama kaffara, ku kuma ya ba ku ladan haƙuri. Ƙanwata, abin da kika faɗa game da allura yana faruwa, kuma zalunci ne, domin raɗaɗin da kike ji yana da dalili sananne. Ƙwayar jinin mai sikila takan tanƙware kamar lauje, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini, ta hana iskar da muke shaƙa isa ga ƙashi da tsoka. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa tsakanin kwana 10 da 20 take lalacewa, shi ya sa jini ke yawan raguwa, ido kuma ya yi rawaya. AA shi ne wanda bai gaji ciwon ba ko kaɗan, AS ya gada daga ɓangare ɗaya amma ba ya ciwon, SS kuwa shi ne mai sikila. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi SS, kuma lissafin sabo ne a kowace haihuwa, saboda haka gida ɗaya yana iya samun biyu ko uku. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan ciwo a Nijeriya duk shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa, kuma a 2024 Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure.

Ki sha ruwa ko ba ki jin ƙishirwa,
Ki rufe jiki in sanyi na busawa,
Gidan sauro kada ki bar ɗaurawa,
Folik asid kullum, ba tsallakewa,
Zazzaɓi in ya zo, asibiti ce hanya.

Akwai maganin da ke rage yawan tashi,
Ya sa raɗaɗi ya ɗan saki ƙashi,
Da izinin likita da gwaji ake shan shi,
Ko da yake kuɗinsa kan jefa gida a bashi,
Sunansa a asibiti haidroksiyuriya.

Samari, tun kafin a haɗa lefe,
Tun so bai yi nisa ba idanu su rufe,
Ku je gwaji, kada ku ture shi gefe,
Kada a sayi takardar ƙarya da safe,
Don ɗan da za a haifa shi ke biya.

Mai amosani:

Umma, Allah ya haskaka kabarinsu. Yaya, na gode da ka gaskata ni, kuma ba na jayayya da gwaji ko kaɗan. Sai dai akwai wani ɓangare da masu faɗakarwa ba su cika ji daga bakinmu ba.

Yaya, na yarda da abin da ka rubuta,
Ƙanwata ma ni na kai aka gwada ta,
Amma in an tashi jawabi a makaranta,
Ni ake nunawa, a ce ku dube ta,
Sai in ji kuskure ne zuwana duniya.

Ranar sikila, 19 ga Yuni, a kira taro,
A ɗauki hotonmu don a ba da tsoro,
A raba riga da hula da goro,
Washegari ba mai tambayar yaro
Ko ubansa ya sami kuɗin jinya.

Wanda ya nemi aurena AA ne, ga takarda,
'Ya'yanmu AS za su zama, likita ya shaida,
Amma danginsa suka ƙi yarda,
Wai kwanana kaɗan ne, kada ya gwada,
Alhali ajali ba ya tambayar lafiya.

Malamin jinya:

Ƙanwata, maganarki ta shiga kunne,
Gwaji don wanda bai zo ba tukuna ne,
Wanda ya riga ya zo, haƙƙinsa a kanmu ne,
A rage masa zafi kafin a tambayi mene ne,
Zan kai wannan ga abokan aiki gaba ɗaya.

Uwar marigayi:

'Yata, ko sau ɗaya ban taɓa ganin ɗana a matsayin kuskure ba, kuma da za a dawo mini da shi da ciwonsa, da na sake ɗora ruwan zafin da murna. Ƙaninsa AA ne, tun bayan rasuwar yake ba da jini duk wata uku, domin kada wata uwa ta yi yawon da na yi.

Atamfar salla zan aiko miki,
Ki ɗinka ta ranar da kika ji sauƙi,
Ba zan zo ƙofarki da faɗan aiki,
Ki dai faɗa mini rukunin jininki,
In ya dace da nasa, ki kira mu ko da tsakar dare ko safiya.