Faɗuwar gaba a ranar farko ta atisaye: me ke rage ta?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum. Matashi zai shiga wasan da bai taɓa yi ba, sauran yaran kuma sun riga shi gogewa. Gaba na faɗuwa, ciki na juyawa. Masu horarwa da iyaye, me kuka ga yana aiki?

Kocin ƙwallon ƙafa:
Wa alaikumus salam. Bugun zuciya, gumin tafin hannu da bushewar baki duk aikin sinadarin adirenalin ne: jiki na karkatar da jini daga ciki zuwa tsokoki. Shi ya sa ce wa yaro "kwantar da hankalinka" ba ya tsinana komai. A ba jikin aiki. Ya iso minti 20 kafin lokaci, ya ga wurin canza kaya, ya gaisa da koci tun fili bai cika ba, ya faɗa masa shi sabo ne. Shigowa a makare, idon kowa a kansa, shi ke ninka fargabar. Sai ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15: sassarfa, juya kafaɗu da ƙugu, gajerun gudu uku ko huɗu.

Malamar ninkaya:
Koci ya gama magana, sai dai in ƙara numfashi. A shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, a fitar ta baki ana ƙirga 6, sau shida. Doguwar fitarwar ce ke sassauta bugun zuciya. Inda yara ke kuskure shi ne jan numfashi da sauri da ƙarfi. Hakan na fitar da iskar kabon fiye da kima, sai jiri, yatsu su riƙa yi kamar ana tsira allura, tsoro ya ƙaru. A ruwa abin ya fi haɗari: mai yin haka kafin ya nutse na iya suma a ƙarƙashin ruwa. A koyi numfashin ƙirga 4 da 6 a gida tun saura mako guda, kada a bari sai a bakin ruwa.

Wata uwa:
Abinci ya zama awa 2 zuwa 3 kafin atisaye, marar maiƙo da yawa. Ban da lemon ƙara kuzari, kafeyin ɗinsa na ƙara rawar hannu. Barcin matashi awa 8 zuwa 10 ne. Sabon takalmi kuma a taka shi kwana uku ko huɗu a gida, don bororo a dunduniya ya isa ya sa yaro ya tsani wasa.

Likitan gashin ƙashi:
Iyaye, a gaya wa yaran tun da wuri: tsamin jiki na tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan atisayen farko, sannan ya lafa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka jikinsa ne ba na wasa ba. Amma don Allah kada a jingina komai ga fargaba. Ciwon ƙirji, suma, numfashi mai fito ko tarin da ke tashi in ana gudu, waɗannan na asibiti ne, a tsayar da wasa.

Kocin ƙwallon ƙafa:
Gaskiya ne, likita. Ƙanena, in kana karantawa, ka shiga da buri ɗaya tak, misali ka tare ƙwallo da cikin ƙafa kafin ka miƙa. In ka yi kuskure, ɗaga hannu ka koma wurinka. Mai tsayawa yana juyayi shi ke yin na biyu. Kuma kada ka yanke hukunci a ranar farko, ka je sau shida tukuna.

Malamar ninkaya:
Iyaye kuma a tambayi yaron ko yana son a tsaya kallo. Wasu na samun ƙarfin gwiwa, wasu kuwa rikicewa suke yi. In an tsaya, ban da ihun gyara daga gefe, muryar koci kaɗai ta ishe shi.