Injin cika yogot yana rage awo idan mun sauya girman roba

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin injina. Don Allah ku taimaka mini da shawara.

Ni ke kula da injin cika yogot a wani ƙaramin kamfani a Kano. Mai fistan ne, na'urar PLC, wato ƙaramar kwamfutar injin, ke sarrafa shi, a allonsa muke zaɓar girman roba, mililita 250 ko 500.

Da zarar mun koma 500, sai robobin farko su fito ba su cika ba, kamar faɗin yatsa ƙasa da layi, ga kumfa a kai. Can sai ya daidaita da kansa. Abin ya fi tsanani da safe, lokacin da yogot ɗin ya fito daga ɗakin sanyi da kaurinsa.

Na canza robar da ke hana fistan yoyo, na wanke bawul, ƙarfin iskar kwamfureso ma lafiya lau. Har yanzu jiya i yau. Asarar da muke yi kullum tana damuna ƙwarai.

Iska ce ke shiga bututun, ko lokacin zuƙa ne ya yi kaɗan a saitin 500? Me zan fara dubawa? Allah ya saka da alheri.