Ostareliya da Niyu Zilan: taubasai ne, ko babban wa ne ke danne ƙane?

Baban Walid: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wurin aiki na ga abin da ya tuna mini da gida. Ofis ɗaya muke a nan Birisben ta ƙasar Ostareliya da wani ɗan ƙasar, teburinsa yana kallon na wata mata 'yar Niyu Zilan. Ta kawo mana wani kayan zaƙi da suke kira pavlova, farin ƙwai ne da sukari ake kaɗawa a gasa, a zuba masa kirim da 'ya'yan itace a kai. Tana ajiye farantin sai ya ce, an gode da kika kawo mana abincin ƙasarmu. Ta ce ƙasar wa? Ɓarayi kawai, haka kuka sace mana doki. Ashe wani dokin sukuwa take nufi, Phar Lap, wanda aka haifa a Niyu Zilan ya zo ya ci babbar sukuwar Melbon a 1930. Da ya mutu sai aka yi rabon gado da gawarsa: fatar tana gidan tarihi a Melbon, zuciyar tana Kanbera, ƙasusuwan suna Welintan, babban birnin Niyu Zilan. Suka kwashe minti ashirin suna yi wa juna tsiya, suna ci suna dariya. Ni dai abin da na gani ke nan a shekarun da na yi a nan: tsakanin ƙasashen nan biyu taubasantaka ce zalla, irin ta Kanawa da Zage-zagi. Duk hayaniyar baki ce, babu komai a ƙasa.

Bakano: To wace ce Kano a ciki? Ka faɗa tun da wuri.

Bazazzagi: Wadda ta fi surutu da cika baki mana. Tambaya kake?

Malama Uwani: Wa alaikumus salam. Baban Walid, kek ka gani ka yanke hukunci a kan siyasar ƙasashe biyu? Taubasai ai tsara ne, kowa na iya ramawa. Ostareliya tana da mutum kusan miliyan 27, Niyu Zilan miliyan 5 da 'yan kai. Manyan bankuna huɗu da suka riƙe kuɗin 'yan Niyu Zilan, wato ANZ da ASB da BNZ da Westpac, dukkansu na kamfanonin Ostareliya ne. Idan wanda kake wasa da shi ne ke riƙe da makullin rumbunka, dariyarka da tasa ba iri ɗaya ba ce.

Baban Walid: Malama, ai ba kek kaɗai ba ne. Tun 1973 ɗan kowace ɗaya cikin ƙasashen biyu yake iya tsallakawa ɗayar ya zauna ya yi aiki, ba sai ya nemi izinin aiki ba. A 1983 suka ƙulla yarjejeniyar cire harajin kaya a tsakaninsu. Yanzu haka 'yan Niyu Zilan sama da dubu 600 ne ke zaune a nan. Kowace 25 ga Afrilu ƙasashen biyu suna hutu ɗaya, ranar Anzac, don tunawa da sojojinsu da suka sauka tare a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya a 1915. Na taɓa bin maƙwabcina taron, da asuba ake yi, gari da duhu, ana ɗaga tutoci biyu, a rera taken ƙasa biyu. Kai, har a gabatarwar tsarin mulkin Ostareliya an rubuta sunan Niyu Zilan cikin waɗanda za su iya shigowa su zama jiha. Ita ce ta ƙi.

Malama Uwani: Ta san abin da ta hango da ta ƙi.

Ɗan Damagaram: Ni ina bayan Malama, amma ta wata hanyar. Ku bar maganar banki, ku dubi sashe na 501 na dokar shige da fice ta Ostareliya. A ƙarshen 2014 aka tsaurara shi: duk baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, bizarsa ta mutu, sai tisa ƙeya. Su wa abin ya fi faɗa wa? 'Yan Niyu Zilan. Sama da mutum dubu biyu aka kwashe aka mayar. Da yawansu tun suna goye aka kawo su, a Sidni suka yi makaranta, a nan suka koyi kirki da rashin kirki, matansu da 'ya'yansu suna nan. Ka ɗauki mutum mai shekara arba'in ka sauke shi a Okland ta Niyu Zilan da jaka ɗaya, garin da bai san layi ko ɗaya ba, ka ce ga gida. Shi ya sa a Fabrairun 2020 Jacinda Ardern, firaministar Niyu Zilan ta lokacin, ta tsaya kusa da takwaranta na Ostareliya Scott Morrison a Sidni, gaban 'yan jarida, ta ce masa kada su riƙa tiso musu mutanensu da matsalolinsu. Ranar ba ta yi dariya ba, Baban Walid.

Kuma ga abin da ke ci mini rai. Wanda ya shiga masallatai biyu a Christchurch ta Niyu Zilan ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 ya kashe masallata 51, Allah ya jiƙansu, ɗan Ostareliya ne haihuwa da tashi. Yana can gidan yarin Niyu Zilan, ɗaurin rai da rai, su ke ciyar da shi. Ban ɗora wa al'umma laifin mutum ɗaya ba. Amma ƙanen ya riƙe naka, kai kana ta jibge masa waɗanda suka girma a hannunka.

Bakano: Amin. Amma Ɗan Damagaram, tsakani da Allah, ƙasa ba ta da ikon korar baƙon da ya aikata laifi? Me ya hana su karɓar takardar zama 'yan ƙasa duk shekarun nan?

Ɗan Damagaram: Hanyar aka toshe, yayana. A 2001 gwamnatin firaministan Ostareliya John Howard ta canza tsari: ɗan Niyu Zilan da ya zo bayan watan Fabrairun shekarar zai zauna, zai yi aiki, zai biya haraji, amma yawancin tallafin gwamnati ba nasa ba ne, hanyar zama ɗan ƙasa kuma ta zama ƙunci. Shekara ashirin da biyu ana haka.

Baban Walid: Kuma wa ya buɗe ta? Firaminista Anthony Albanese. Daga 1 ga Yuli 2023 wanda ya shekara huɗu a nan yana iya neman zama ɗan ƙasa kai tsaye. Matar da na ba ku labari ma ta cike takardunta. Wannan shi ne abin da nake faɗa, harshe da haƙori ma ana saɓawa. An yi rigima, an gyara, ba a rufe iyaka ba, ba a janye jakada ba.

Bazazzagi: Ku bari in kawo ta filin wasa, don nan ake gane halin mutum. Ranar 1 ga Fabrairu 1981, wasan kurket a Melbon. Saura jifa ɗaya, Niyu Zilan na buƙatar maki shida don a yi kunnen doki, kuma ba a samun shida sai an ɗaga ƙwallo sama ta tsallake filin. Sai kyaftin ɗin Ostareliya, Greg Chappell, ya ce wa ƙanensa Trevor ya mirgino ƙwallon a ƙasa kamar mai gara taya. Doka ba ta hana ba a lokacin, amma kowa ya san rashin kunya ne. Mai bugun ya tare ta ya yi jifa da sandarsa. Firaministan Niyu Zilan na lokacin, Robert Muldoon, ya kira abin ragwanci, na Ostareliya ma Malcolm Fraser bai goyi bayan yaransa ba. Sama da shekara arba'in ke nan, har yau ba su manta ba. Bakane sak, ya ci ka a ciniki kuma ya ce doka ce.

Bakano: Allah ya shirye ka. To ka ƙarasa mana, a zari-ruga fa? Kofin Bledisloe da ƙasashen biyu ke fafatawa a kai tun 2003 yake hannun Niyu Zilan, yaron da aka haifa a shekarar ya isa aure bai taɓa ganin Ostareliya ta ɗaga shi ba. Ƙanen ma yana da inda yake zane wan. Mu ma dai mun ɗan taɓa Ostareliyar, Super Falcons 3 da 2 a gasar duniya ta mata ta 2023, a garin Baban Walid ma aka yi.

Baban Walid: Ina filin ranar. Da Oshoala ta ci ta uku na manta inda nake zaune, na miƙe ina ihu a tsakiyar masu riga ruwan ɗorawa. Wani tsoho ya dafa ni ya ce in zauna kafin a tisa ƙeyata.

Malama Uwani: Kun ga ko a wasa maganar tisa ƙeya ce a bakinsu. Amma ku saurara, don ina ganin mun tsaya a wuri mai sauƙi. Niyu Zilan farar fata ce mai arziki, tana da bakin ramawa. Tuffarta Ostareliya ta hana shiga tun 1921 da sunan cutar itatuwa, ta kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta ci a 2010. Wanda ba shi da wannan ƙarfin fa? Timor ta Gabas ita ce ma'auni. Gaskiya ne Ostareliya ce ta jagoranci sojojin da suka shiga a 1999 lokacin da ake kashe mutane bayan ƙuri'ar ballewa daga Indonesiya, wannan ba a hana ta. Sai a 2004, ana tattauna yadda za a raba man fetur da iskar gas na tekun da ke tsakaninsu, 'yan leƙen asirinta suka dasa na'urorin sauraro a ofisoshin gwamnatin Timor, a fake da aikin agaji na gyaran gini. Ƙasa jaririya, shekara biyu da samun 'yanci, tana cikin mafiya talauci a Asiya. Da wani tsohon jami'in ya tona, shi da lauyansa Bernard Collaery aka gurfanar. Sai a 2018 aka sa hannu a kan iyakar teku, sai a 2022 aka janye ƙarar lauyan. Wannan wane irin wasa ne?

Baban Walid: Wannan ban kare shi ba, Malama. Su kansu mutanen nan da yawa kunyarsa suke ji. Amma ni Niyu Zilan na ce, ban ce duk maƙwabta ba.

Malama Uwani: Ai halin gida ɗaya ne, ƙanena. Inda aka ji tsoron ramuwa ake kiran sa wasa.

Ɗan Damagaram: Har ƙananan tsibiran Fasifik. A 2015 makirufo ya kama Peter Dutton, yana minista a Ostareliya, yana barkwanci da ruwan teku da ke neman shiga ƙofar gidajensu. A 2017 Morrison ya shiga majalisa riƙe da dunƙulen kwal yana cewa kada a ji tsoronsa. Mutanen Tuvalu da teku ke cinye wa ƙasa suna kallo.

Bakano: Amma yanzu Tuvalun ce aka yi wa yarjejeniyar 2023, mutum 280 duk shekara su koma Ostareliya da zama. Papuwa Niyu Gini kuma an ware dalar Ostareliya miliyan 600 cikin shekara goma don ta samu kulob a gasar zari-rugar Ostareliya daga 2028. Wane maƙwabci ke yin haka?

Malama Uwani: Ka duba kwanan wata, Alhaji. A Afrilun 2022 Tsibiran Solomon suka sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Sin, Kanbera ta girgiza. Penny Wong tana karɓar ma'aikatar harkokin wajen Ostareliya a watan Mayu ta fara zagayen tsibiran. Yarjejeniyar Tuvalu kuwa tana da sharaɗi: sai an daidaita da Ostareliya kafin ta ƙulla harkar tsaro da wata ƙasa. Kuɗin ƙwallon ma an haɗa shi da fahimtar tsaro. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Bazazzagi: To ai Malama ke kika kawo mu gida da kanki. A taubasantaka ma akwai mai cewa shi ne ubangida, kuma shi ke ba da kuɗin shara in shekara ta zagayo. Miliyan 600 ɗin nan kuɗin shara ne. Bambancin kawai, namu ba ya zuwa da takardar sa hannu.

Ɗan Damagaram: Ubangidan ma yana da nasa ubangidan. Tun zamanin Howard ake yi wa Ostareliya laƙabin mataimakiyar ɗan sandan Amurka a yankin. A Satumban 2021 ta yar da kwangilar jiragen ƙarƙashin teku 12 da Faransa, ta shiga ƙawancen tsaro na AUKUS da Amurka da Birtaniya don samun masu aiki da nukiliya, abin da aka ƙiyasta zai iya kai dalarsu biliyan 368. Faransa ta janye jakadanta. Aka tambayi shugaban Faransa Macron ko yana zaton Morrison ya yi masa ƙarya, ya ce ba zato yake ba, ya sani. Sai da aka biya Yuro miliyan 555 na sasanci. Alhali Sin ce babbar mai sayen kayanta, musamman tama. Da Morrison ya nemi a binciki asalin korona a 2020, Sin ta ɗora wa sha'ir harajin kashi 80, giyar inabi sama da kashi 200. Gaba kura baya sayaki.

Baban Walid: Na gode da ka kawo AUKUS, don hujjata ce. Niyu Zilan tana da dokar 1987 da ta hana duk jirgi mai nukiliya shiga ruwanta, a kan wannan matsayin Amurka ta dakatar da alkawarin kare ta a ƙarƙashin yarjejeniyar ANZUS ta 1951. Ana sanar da AUKUS, Ardern ta fito ta ce jiragen Ostareliyar ma ba za su shigo ba. Ta faɗa wa wan a fuska, kuma ba abin da ya faru. Wanda ake dannewa ba ya iya wannan.

Malama Uwani: Wannan na ba ka. Kan Niyu Zilan na sauko rabi: tana ramawa, kuma ana jin ramuwar. Amma ka cire kalmar "zalla" da "babu komai a ƙasa" daga maganarka ta farko. Ran Litinin ka bari sai ɗan Ostareliyan ya fita cin abinci, ka tambayi matar nan ko ta san wani da aka tisa ƙeyarsa a ƙarƙashin 501. Ka dawo mana da abin da ta ce.

Baban Walid: Na cire "zalla". Ɗayar kuma sai na ji daga bakinta. Tana da wani ƙane a Perth da ba ta cika son a tayar da zancensa ba, ban taɓa tambayar dalili ba.